Casilda Mai Layi Huɗu

Duk wanda ya ce maka ya taɓa ganin Casilda Berrocal a zaune, ka sake tambayarsa da kyau, ƙila a hoto ya gani. Ko a hoton ma, na bikin aurenta da ke rataye a falo, za ka ga ƙafarta ɗaya ta riga ta juya waje, kamar ta tuna ta bar wani abu a wuta. Kujerarta a teburin cin abinci ita ce ta bakin ƙofar kicin, kuma gefen kujerar kaɗai ya goge, tsakiyar tana nan sabuwa fil, don ɗosana take yi, ba zama ba.

A wani ƙauye ta tashi, can wajen iyakar Portugal, inda duwatsu suka fi mutane yawa. Tana 'yar shekara goma sha biyar aka sa ta a mota zuwa birnin Salamanca na ƙasar Sifaniya, ta kama aikin wanke-wanke a wani masaukin baƙi. A nan ta haɗu da Anselmo mai gyaran agogo, mutumin da zai wuni a kujera ɗaya bai ce uffan ba. Mutane suka ce auren nan ba zai ga hunturu ba. Sai ga shi ya haura shekara talatin, don ita ta riƙe magana da zirga-zirga, shi ya riƙe shiru da zama, ba mai shiga gonar wani. Ɗa ɗaya suka samu, Isidro, kuma ubansa ya biyo.

Da agoguna masu batir suka cika gari, shagon Anselmo ya fara hamma, sai Casilda ta ji labarin makarantun koyon Sifaniyanci suna neman gidajen da za su sauke ɗalibansu. Ba ta yi shawara da kowa ba. Kafin miji ya dawo cin abincin rana ta kwashe kayan Isidro daga ɗakinsa mai taga kan titi, ta shimfiɗa sabon zanin gado, ta kafa wa yaron gado mai naɗewa a lungun da ke tsakanin ɗakuna. "Wata biyu ne kawai," in ji ta. A lungun nan ya yi ta kwana har ranar da ya bar gidan da gemunsa.

Tun daga lokacin baƙi ba su yanke mata ba: Jamusawa, 'yan Japan, 'yan Koriya, Amurkawa masu manyan jakunkuna. Da safe makaranta ta koya musu da littafi, da rana su faɗo hannun Casilda, wadda ta ce ita ba ta taɓa ganin littafin da ya sayo wa mutum kifi ba. A gidanta ba a cin abincin rana kafin biyu da rabi, ko da yunwa za ta kayar da kai. Wani Ba'amurke ya taɓa fitowa ƙarfe shida na yamma yana tambayar abincin dare, ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne. Godiya kuwa ita ce abin da ta fi tsana.

"Na gode, na gode, kai otal ka sauka? Gishiri fa na miƙa maka, ba ƙodata na cire na ba ka ba. Ka ce miƙo gishiri, shi ke nan!"

A teburinta kowa magana yake a lokaci guda, mai jiran a gama ya yi furfura. In baƙo ya kakare, sai ta nuna ƙarshen tebur da cokali: "Isidro, faɗa masa yadda ake cewa." Yaron ya faɗa, ya mayar da kai kan faranti.

Amma babbar jarrabawa kasuwa ce. Baƙo bai gama warware gajiya ba za ta ja shi teburin Sagrario mai kifi, ta gaya masa abin da zai sayo, ta sulale ta laɓe bayan ginshiƙi. Shi kuma ya ga mata cirko-cirko, wasu na hira, wata ta juya baya, ba kai ba gindi, sai ya zaɓi inda yake zaton nan ne wutsiyar layi ya tsaya da ladabinsa. Akwai ɗan Japan da ya tsaya har aka fara wanke tebur. Casilda na kallonsa, ƙafafunta na ƙaiƙayi, amma ta ƙi fitowa, sai da ya gaji ya buɗe baki ya ce, "Waye na ƙarshe?" Wata ta ɗaga hannu ta ce, "Ni ce." To ka shiga layi ke nan. Ka riƙe fuskarta, ita ce a gabanka, wanda ya zo bayanka ya tambaya kai kuma ka amsa. Daga nan je ka duk inda ka ga dama, wurinka na nan a kan mutane. Casilda takan ce ranar da baƙo ya ɗaga murya ya yi tambayar nan, ranar bakinsa ke buɗewa.

Ita kam, kamar don ita aka ƙirƙiro al'adar. Ta karɓi layi wajen mai kifi, ta karɓa wajen mahauci, ta karɓa wajen mai kayan marmari da mai ƙwai, duk a tare, tana kai-komo da jakar cefanenta mai taya, ta iso kowane tebur daidai lokacin da aka zo kanta. Shi ya sa 'yan kasuwa ke ce mata Mai Layi Huɗu. Tutiyarta a duniya ɗaya ce: ba a taɓa barin gidanta da bebantaka ba.

Anselmo ya rasu a kujerarsa ta jikin bango, shiru kamar yadda ya rayu. Isidro kuwa tuni aiki ya kai shi Finland, ya yi shekara fiye da goma, ya auri wata Helmi mai aikin gwada ido a shagon tabarau. Casilda na ganinsa sau ɗaya a shekara, lokacin Kirsimeti, kuma rabin ganin ta ƙofar kicin ne. Sai ga shi a farkon bazarar da ta cika sittin da tara sun sauka da akwatuna manya.

"Gwadawa za mu yi, Mama," in ji Isidro, idonsa a ƙasa. "Ni aikina a kwamfuta yake, ko'ina zan iya. Ita wurin aikinta sun ba ta hutu zuwa Satumba. In garin ya yi mata, mu zauna. In bai yi mata ba, mu koma. Ita ke da magana."

"Shi ke nan? Ai kun zauna kun gama!" in ji Casilda, ta riga ta ɗauki akwati ɗaya. Ɗakin kan titi akwai ɗaliba 'yar Koriya a ciki, don haka ta sauke su a ƙaramin ɗakin ciki, wanda tagarsa ke kallon igiyoyin shanyar maƙwabta. Isidro ya ɗan tsaya a ƙofar tsohon ɗakinsa, sannan ya wuce.

A baki ta ce sun zauna sun gama, amma a zuci tsoro take ji. Gwiwoyinta sun fara yi mata gardama, gidan in ɗalibai sun fita yakan yi mata shirun da ba ta iya jurewa, kuma ɗan nan nata shi ke nan gare ta. Tana son ya zauna, so irin wanda ke hana mutum barci. Ga shi an ce makullin yana hannun wannan doguwar farar mata mai kallon mutum cikin ido. To, in dai buɗe baki ne da sa mutum ya so gari, ai sana'arta ce.

Helmi ta yi ajin Sifaniyanci a ƙasarsu, an ce har shekara biyu. Sai dai in za ta yi magana, sai ta ajiye cokali, ta ja numfashi, ta dubi mutum, ta jira wuri ya yi shiru. A teburin Casilda kuwa wuri bai taɓa yin shiru ba.

"Casilda, ina so in..."

"Ƙari? Ga shi nan, ci, 'yata, duk kin rame."

"A'a, na gode, ina nufin..."

"Kun ji ta kuma, na gode! Isidro, gaya mata a gidan nan ba a godiya. Gishiri ya yi yawa ko? Na sani, hannuna ne ya zarce, wancan makon ma haka na yi, duk laifin wannan sabon gishirin ne mai laushi..." Ragowar maganar daga kicin take fitowa. Helmi ta ɗauki cokalinta.

Ranar da ta kai ta kasuwa, ba ta laɓe bayan ginshiƙi ba. Riƙe mata hannu ta yi gam. "Wannan surukata ce, bakinta bai buɗe ba tukuna, ku yi mata a hankali. Waye na ƙarshe? To mu biyu ne a bayanki." Haka a gidan burodi, haka a kantin magani, haka in maƙwabciya ta tare su a matakala ta tambayi Helmi yaya zafi, Casilda ce ke amsawa cewa zafin na damunta. Matar da ta bar ɗan mutane ya tsaya har aka wanke tebur, ita ce yanzu ba ta iya barin surukarta ta kakare na ƙiftawar ido. Ba abin mamaki ba ne. Ɗan Japan ɗin nan ba ɗanta ya riƙe a hannu ba.

Obdulia, maƙwabciyarta ta ƙofa da ƙofa, wadda suka shekara arba'in suna faɗa suna aron albasa, ta leƙo ta taga ranar shanya.

"Yaya bebiyar taki?"

"Ki kiyaye ni, Obdulia."

"Ni me na ce? Kin buɗe bakin Jamusawa, kin buɗe na 'yan Koriya, ga ta gida ta gagare ki. Ko dai ta riga ta ɗaure kayanta a zuci ne, jiran Satumba kawai take?"

"Ki ji da rigar mijinki, tana ɗiga min a kan zanin gado."

Ta rufe taga da ƙarfi, amma maganar ta shige ta. Daga ranar ta ƙara wuta. Ta ja Helmi majami'u, ta ja ta bakin kogi, ta ja ta bikin ƙauyensu aka sha rawa a rana. Ta soya mata wainar ƙwai da dankali, ta gasa mata burodi mai nama a ciki wanda ba a ma yin sa sai bayan bikin Ista. Duk inda suka je Casilda na gaba tana bayani, Helmi na biye tana gyaɗa kai. Isidro kuwa yana ɗakin ciki da abin ji a kunne. Uwar takan leƙa ta ce, "Ka ci? Buɗe tagar nan mana, ka yi aski kuwa?" kafin ya cire abin daga kunne ta kai kicin.

Agusta ya zo ƙarshe, Helmi ba ta ce za ta zauna ba, ba ta ce za ta tafi ba. Casilda ta yanke a ranta cewa matar nan sanyin ƙasarsu ne ya shige ta har zuci, ba ta son garin, ba ta son harshen, ita Casilda ɗin ma ba ta son ta. Abin ya ci mata rai ƙwarai, har ta fara ƙona albasa.

Talata da Juma'a take zuwa kasuwa. Alhamis ranar asibitin gwiwa ce, daga can ta biya makabarta ta ba Anselmo labarin mako, shi kuma ya saurara kamar yadda ya saba. To wannan Alhamis ɗin aka ce likita bai zo ba. Da wata ce, sai ta koma gida ta huta. Casilda ta ja jakarta ta nufi kasuwa.

Teburin Sagrario ya cika. Ta tambaya, wani tsoho mai hula ya ce shi ne na ƙarshe. Ta riga ta juya za ta wajen mahauci sai ta ji wata murya a bayanta, ta mace, a buɗe, ba rawa ba inda-inda:

"Waye na ƙarshe?"

"Ni ce, ina dawowa!" Ta ɗaga hannu ko waiwaye ba ta yi ba, ta yi gaba.

A wajen mahauci lissafinta ya ƙwace. Wadda ke gabanta naman bikin baftisma take saye, a yanka wannan, a niƙa wancan, a cire kitse, a mayar da kitse. Casilda ta tsaya da ƙafar dama, ta koma ta hagu, ta yi tsaki, ta leƙa, ta dawo. Da ta samu kanta ta kwasa da gudu-gudu, tayar jaka na kuka, ta san an wuce ta. Tun daga nesa ta ji hayaniya a teburin kifi, ta gane muryar dattijon da ake kira Don Eleuterio, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai gashin-baki, wanda tun da ya yi ritaya ya zama alƙalin kowane layi.

"Wadda ba ta nan ba ta nan! In kin gama, ni ne."

"Ba haka ake yi ba, Don Eleuterio, kai ma ka sani." Muryar ɗazu ce. "Ta karɓi layi, ta ce tana dawowa. In ta dawo kafin in gama, ita ce, sannan kai. Ni kuma ban gama ba. Sagrario, wancan kifin fa? A'a, ba shi ba, wannan idonsa ya faɗa, tun Litinin yake kwance yana kallon mutane."

"Kin ji sharri! Da asuba ya sauka, 'yar nema!"

"To da ƙafa ya zo. Ba ni na gefensa, ki kankare min shi da kyau, kar ki yi sauri."

"Da gangan take ja mana lokaci!" in ji Don Eleuterio.

"In sauri kake, da ka fito da wuri, ba ka tsaya shafa wa gashin-baki mai ba."

Mata suka kwashe da dariya. Casilda ta sami kanta a bayan ginshiƙin nan nata, ba ta san lokacin da ta laɓe ba. Ta leƙa ta ga wace ce wannan mai bakin da ke tsare mata wuri. Doguwar mace ce, fara, ta ba ta baya, sanye da rigar da ita Casilda da hannunta ta goge jiya.

Wata uku suna cin abinci a tebur ɗaya, ta ji muryar surukarta a bayan kunnenta ba ta gane ta ba.

Sagrario ce ta hango ta. "Ga ta can! Fito, Mai Layi Huɗu, yau kin makara. Ba don surukarki ba da Don Eleuterio ya haye kanki."

"Kin... kun saba ne?"

"Duk Alhamis tana nan tana zagin kifina. Ita ce ma ta gano tabaran da nake sawa na mijina ne, shi ya sa nake cika wa mutane awo. Me zan ba ki, sarauniya?"

Casilda ta sayi abin da ba ta san ta saya ba. Suka fito, tana gaba tana jan jaka kamar jakar ce ta yi mata laifi, Helmi na biye. Ba su kai tsakiyar dandali ba ta juyo.

"Wata uku! Wata uku kina zaune min a tebur kamar gunki, ina ta kiɗana ina rawata, ina yi miki magana a kantin magani kamar jaririya, ashe baki gare ki har da na zagin gashin-baki! Duk kasuwa ta san muryarki ban da ni. Me na yi miki? Me ya hana ki magana a gida?"

"Jira nake ki gama."

"In gama? Wa ke gamawa a ƙasar nan? Katsewa ake yi, 'yata, katsewa! Ki shigo ta tsakiya, ki ɗaga murya, ki..."

"Na gwada. Kin fi ni sauri. A kasuwa akwai wanda zan tambaya ya ba ni layi. A teburinki ban san wa zan tambaya ba."

Casilda ta buɗe baki, Helmi ta nuna benci.

"Zauna, Casilda."

Ba don Allah, ba na gode. Ko a cikin wannan fushin sai da malamar da ke cikin Casilda ta lura, ta ji wani ɗan daɗi. Ta ɗosana a gefen benci, hannu na kan jaka. Helmi ta zauna, ta ja numfashinta, ta yi shirun nan nata mai tsawo. Casilda ta fara bubbuga ƙafa a ƙasa.

"Ni ina son garin nan," in ji Helmi. "Tun watan Yuni. Ina son hayaniyar, ina son Sagrario, har Obdulia nake so. Akwai shagon tabarau a ƙetaren kogi da suka ce in fara a Oktoba. Abin da nake ta so in gaya miki ke nan."

"To ai shi ke nan! Oh ni Casilda, to me muke..."

"Isidro ne ke son komawa."

"Ƙarya ne."

"Ya ce miki ni ke da magana don ba ya iya gaya miki da bakinsa. Ya ce bai taɓa kai ƙarshen magana a gidan nan ba. A can fa surutu gare shi, Casilda. In ya fara ba da labari har sai na gaji. Abokanmu suna ce masa rediyo."

Rediyo. Isidro nata, wanda take cewa ubansa ya biyo. Casilda ta dubi tattabarun da ke tsakar dandali ba tare da ta gan su ba. Ta yi bazara guda tana zawarcin wadda ta riga ta amince, wanda ake shirin rasawa kuwa yana ɗakin ciki, tana leƙa shi tana tambayarsa aski. Ta nemi ranar da ta taɓa yi masa tambaya ta tsaya jin amsa, ta laluba har zuwa yarintarsa, abin da ta samo kawai shi ne cokali yana nuna ƙarshen tebur. Kunya ta kama ta, da wani baƙin ciki mai nauyi wanda ko rasuwar Anselmo ba ta sa mata irinsa ba.

Ta zabura. "Tashi mu je, yanzun nan zan same shi, zan ce masa..."

"In kika shiga da gudu, zai mayar da abin kunnensa."

"To me zan yi?"

"Ki tambaye shi, ki jira."

"Har yaushe?"

"Har ya gama."

Ranar 'yar Koriya ta bi 'yan makarantarsu yawon buɗe ido, su uku ne a gida. Biyu da rabi Casilda ta mayar da tukunyar waken da ta dafa tun safe kan wuta don ta yi zafi, ta ajiye burodi, ta kira Isidro. Sannan ta kwance ƙyallen girkinta ta rataye, ta wuce kujerarta ta bakin ƙofa, ta zagaya tebur ta shige kujerar Anselmo ta jikin bango, wadda ba a fita daga cikinta sai na kusa ya tashi. Helmi ta zauna a kusa, ta toshe hanyar.

Isidro ya fito ya gan su, ya tsaya da hannu a kan kujera.

"Lafiya, Mama? Gwiwar ce?"

"Zauna. Isidro, kai kana son zama a garin nan?"

Ya dubi matarsa, ya dubi uwarsa, ya zauna a hankali. Ya ɗauki burodi ya gutsura bai ci ba. Agogon bango, wanda Anselmo ya gyara da hannunsa, ya yi ta bugawa. Casilda ba ta taɓa sanin yana da ƙara haka ba. Amsoshi goma suka taso mata a maƙogwaro, duk nasa, duk ta shirya masa su tsaf: zafi ne ko, ɗakin ne ya yi ƙanƙanta, ai 'yar Koriya ta kusa tafiya. Gwiwarta na bugun ƙasan tebur har cokula na motsi. Helmi ta ɗora hannu a kan gwiwar ta danne.

Ƙauri ya fara shigowa daga kicin.

"Mama, wakenki na kamawa."

"Ya kama."

Ya sake dubanta, duban wanda ya shigo gidan da ba nasu ba. Ya murza ɓawon burodi a yatsa har ya zama gari.

"Na sayi tikitin komawa tun makon jiya," ya ce. "Ko Helmi ban gaya wa ba."

Hannun da ke kan gwiwarta ya ƙara nauyi. Casilda ta ji maganar ta sauka mata a ƙirji, ta ji kuka da faɗa da roƙo duk sun taso a tare suna neman ƙofa. Ta kama gefen kujerar Anselmo da hannu biyu, ta haɗiye su. Hayaƙi siriri ya fara bin saman ƙofar kicin, ba wanda ya tashi.

"Lokacin da kika fitar da kayana daga ɗakin can," in ji Isidro, "kin ce wata biyu ne." Ya tsaya. Sai ya ɗaga hannu da sauri, tafin na kallonta, kamar mai kare duka. "Ban gama ba."

Ba wanda ya katse shi. Hannun ne kawai ya saba.

"Na sani," in ji Casilda, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. "Ni ce a bayanka."